Sabon Rumbu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ni ke buga takardu a wani ɗan shago a Isa. Kwamfutata ta fara ƙugi tana mutuwa, aka ce faifan ajiyarta ne ya gaji, sai na aika Sakkwato aka sawo sabo. Na ɗaura shi da hannuna ranar kasuwa, ga manoman Tozai zaune a bakin ƙofa suna jiran in buga musu takardar neman tallafin hatsi, wadda mota za ta wuce da ita bayan azahar.

Na kunna, allon ya yi baƙi ƙirin, sai layi guda na Turanci, wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na canza waya, na shiga saitinta na sa sabon faifan a gaba, amma a banza. Man janareta yana ƙarewa, zufa ta jiƙa mini riga, har na ɗirka wa tebur duka.

Wani dattijo cikin manoman ya leƙo ya ce, "Malam, mi ne ne faifan ga?"

Na ce a fusace, "Baba, rumbunta ne, sabo fil!"

Ya ce, "To, ka zuba wani abu ciki?"

Nan take na gane. Ban ɗora wa faifan manhajar da ke tayar da kwamfutar ba, na zaci da ita yake zuwa. Na ce, "Baba, za ni rubuta muku da hannu."

Ya gyara zama ya ce, "Rubuta, ɗana. Mu ma bana mun yi sabbin rumbuna, kuma haka suke."