Wa Ya Hau Jakin Baffa Sale?

Ku da kuka san Baffa Sale, ƙanin mahaifina, kun san ba a yaba masa abu a tashi haka nan. Ka ce, "Baffa, hular nan ta yi kyau," kafin ka rufe baki ya ce, "Na ba ka!" Ka miƙa hannu, sai ya ja kai baya. "Af! Gaggawar me kake? Taka ce, ina riƙe maka." Haka hular za ta koɗe a kansa, ta yage, tana nan a matsayin taka. Ni kaina na mallaki buta, da fartanya, da bishiyar tsamiya ta hannunsa, ban taɓa ko da ganyen ba.

Amma abin da ya fi bayarwa shi ne jakinsa, wani gajeren jaki mai ƙaton kai da yake kira Alhaji. Liman ya taɓa yi masa magana a kan sunan, Baffa ya ce, "Malam, duk garin nan wa ya kai shi tafiya?"

Kuma ba a hawansa. Shi kansa Baffa bai taɓa hawa ba. Ranar kasuwar Bici za ka gan su a hanya, jaki na tafe da rabin kaya, Baffa na biye da sauran rabin a ka, gumi na zuba. Na ce, "Haba Baffa, to amfaninsa me?"

Ya ce, "Kai, in ya gaji wa zai kawo ni gida?"

"Ai ba hawansa kake ba!"

"Ina bin sa dai. Shi ya san hanya."

Ranar ɗaurin aurena, gaban jama'a, na ce Alhaji ya yi ƙiba. Baffa ya ɗaga murya: "Na ba ka, gudummawata ke nan!" Aka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa sakarai, gari na wayewa na saɓa igiya sabuwa fil na nufi gidansa. Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya ce, "Naka ne, ba musu. Amma bai san ka ba tukuna." Ya karɓi igiyar ya ɗaure shi da ita. Wato na je karɓar jaki na dawo babu igiya.

Sai ga shekarun fari, tun ba a yi dam ɗin Watari ba. Ba sai na tuna muku ba: gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, aka koma cin ganyen tafasa da garin rogo. A tsakiyar wannan wahala Baffa ya ja Alhaji ya kai gidan Gwaggo Mairo, ya kafa masa turke da hannunsa. Gwaggo Mairo ƙanwarsa ce ta nono, mahaifiyarsa ce ta shayar da ita. Mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, ba gona. Da jakin nan ta rayu: masu kai itace da masu ɗebo ruwa daga nesa su ɗauke shi haya, su kawo mata ɗan abin da za ta sa a tukunya. Mu kuwa muka ce, "Kun ga wayon tsoho! Harawa ta yi tsada, ya kai wa baiwar Allah ta ciyar masa."

Kafin ruwa ya dawo Allah Ya karɓi ran Baffa.

Bayan sadakar arba'in mai unguwa ya kai mu wurin dagaci, dagaci ya tura mu kotun alƙali don rabon gado. Magada biyu ne: 'yarsa Hauwa da ke aure a Bagwai, sai ni ɗan wansa. Gwaggo Mairo ba ta ciki, nono ba ya ba da gado. Muhuti, mataimakin alƙali, ya zo ya zaga gona ya leƙa ɗaki, aka yi shela ko akwai mai bin mamaci bashi. Babu. Baffa ba ya ci, ba ya bayarwa. Komai ya tafi sumul sai da aka zo kan Alhaji. Alƙali ya ce a sayar, a fitar da ushirar kotu, a raba. Gwaggo na zaune can gefe cikin mayafi, ta sunkuyar da kai. Kowa ya san in jakin nan ya bar gidanta, wuta ta mutu a murhunta ke nan.

Sai Ilu wanzami ya miƙe. "Allah Ya gafarta Malam, jakin nan nawa ne. Ya ba ni ranar da na yi masa ƙaho."

Na ce, "Kai, zauna! Ni gaban jama'a ya ba ni."

Kafin ka ce me, rabin kotu ya tashi tsaye. Har wani mai tallan goro da ya shigo shan inuwa ya ce shi ma an ba shi. Alƙali ya dafe rawani ya ce, "Kyauta ba ta tabbata sai da hauzi. Duk mai da'awa ya dawo zama na gaba da shaidar hauzi." Ya tashi.

Muna fita aka yanyame ni, don ni ne wanda ya taɓa yin dako a Kano, kullum ina ba su labarin birni. "Me ya ce?" Ni ma ban ji da kyau ba, amma in ce ban sani ba? Ina! Na gyara hula na ce, "Ai a fili yake. Sai wanda ya hau shi."

Duk duniya ba wanda ya taɓa hawan Alhaji. Gwaggo ta ce a hankali, "To ni kam shi ke nan. Ina ni ina hawan jaki?" Ta juya ta kama hanya. Wallahi ta ba ni tausayi, na ce a raina in ya zama nawa ai ina ara mata. Kun ji jinin Baffa!

Sai dabara ta zo mini: alƙali bai ce yaushe ba. In na hau shi yanzu, ko alwala aka sa ni na dafa Alƙur'ani, gaskiya zan faɗa. Ashe Ilu ma ya yi wannan lissafin. Da hantsi muka yi kiciɓis a ƙofar Gwaggo, kowa wai ya zo gaisuwa. Muka ja jaki bakin busasshen kududdufi. Ilu ya fara. Ƙafa ɗaya ya ɗaga, Alhaji ya sakar masa harbi a cinya, ya zauna yana salati. Na ce, "Matsa, ba ka iya ba." Na ja da baya, na sheƙo, na dira a gadon bayansa. Jama'a, na hau! Sai dai ban san lokacin da na sauka ba. Na dai gan ni cikin sarƙaƙiya, ƙafafu sama, wando ya rabu biyu, matan da ke dawowa daga rijiya sun ajiye tulu suna riƙe ciki. Shi kuwa ya kaɗa kunne ya koma turkensa da kansa.

Ranar zama na shiga kotu ina ɗingishi, Ilu na dogara sanda. Alƙali ya ce, "Ina mai hauzi?"

Na miƙe da alfahari. "Ga ni. Na hau shi, kuma mata sun gani."

Muhuti ya cusa fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Alƙali ya ce, "Bawan Allah, hauzi na ce. Karɓa. Wanda aka ba, abin ya bar hannun mai shi ya koma nasa, tun mai shi yana da rai da lafiya. Wa ya aike ka sukuwa?"

Da ƙasa ta tsage da na shige. Ilu ta bayana yana cewa, "Allah Ya isa cinyata."

Alƙali ya tambaya a gidan wa jakin yake kwana. Aka nuna Gwaggo. Ta ce, "Ni ban hau ba, ranka ya daɗe."

"Na ji. Ajiya ya kawo miki ko kyauta?"

"Ya dai ce ya ba ni. Amma ai kowa ma yana ce wa."

Nan Liman ya yi gyaran murya. Ya ce shi da mai unguwa sun sha gani, in Baffa zai kai taki gona sai ya tsaya a ƙofarta ya yi sallama ya ce, "Mairo, ara mini jakinki." Ran da ta ce an riga an ɗauke shi haya, ya juya ya kwashi takin a ka. Mai unguwa ya ce haka aka yi. Alƙali ya ce, "Mutum ba ya aron abinsa. Jaki na Mairo ne, ba ya cikin gado." Hauwa ta riga kowa cewa alhamdu lillahi.

A hanyar gida Gwaggo na gaba, ni ina baya ina jan ƙafa. Can ta tsaya ta jira ni. Ta ce ran da Baffa ya kawo jakin, ya yi sallama ya tafi, sai ta ji magana a bayan danga. Ta leƙa, ta gan shi tsugune ya riƙe kan jakin, yana ce masa, "Ka yi haƙuri, ba korar ka na yi ba. Ba ta da kowa ne." Ta ce hawaye har gemunsa. Ni da na sha dariyar mutumin nan tun ina yaro, a kan hanyar nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Allah Ka jiƙan Baffa Sale, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Yadda bai bar marar kowa ta kwana da yunwa ba, ya Allah kada Ka bar shi shi kaɗai.