Takardar da Na Ɓoye a Ƙasan Kwalla

Ni tsohuwa ce a unguwar Hausawa ta New Bell da ke Duwala, ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Lokacin da abin nan ya faru ni matar wani mai sayar da huluna da turare ce a bakin masallaci, mun haura shekara arba'in tare. Ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake ce masa. Shi kuma Dokta yake ce mini, don ni nake jera masa ƙwayoyin hawan jini a ɗan faranti kowace safiya. Da launi nake gane su.

Hawan jinin nan, da muke ce wa tansiyon, ya ƙi sauka duk da ƙwaya kala huɗu. Babban ɗanmu da ke aiki a Faransa ya sa aka kai Malam can. Ba su yanka shi ba. Siririyar waya suka zura ta saman cinyarsa har cikin hanyar jinin ƙoda, suka ƙona ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da ita, waɗanda aka ce su ke ingiza jinin. Ya dawo da ƙafarsa yana yi mini ba'a, wai Turawa sun gasa shi kamar tsire amma sun manta yaji. Jinin ya sauka kuwa, har ya koma tafiya masallaci ba sai ya hau benskin, babur ɗin haya, ba.

Ya dawo da wata takarda da Faransanci. Ɗanmu ya yi mini bayaninta a waya dalla-dalla: aikin bai cika kawo matsala ba, amma jefi-jefi hanyar jinin takan tsuke, don haka bayan wata shida a kai shi a ɗauki hoton ƙoda a nan Duwala, kuma kada ya daina shan magani. Na ce na ji. Da lokacin ya matso, Malam ya same ni ina tankaɗe, ya zauna a turmi kamar yaro. Ya ce ya gaji da kwanciya a gaban injin, ya gaji da a tuɓe shi gaban 'yan matan da ya yi jika da su. Ya ce ai yana da Dokta a gida, me zai je nema wurin wani? Na yi dariya. Na naɗe takardar a tsohon ɗankwali, na sa a ƙasan kwallar da nake ajiye zannuwan aurena.

Daga baya ciwon kai ya dawo, ƙafafunsa suka fara kumbura, na riƙa gasa masa su da ruwan ɗumi. Duk Juma'a ɗanmu ya kira, sai in ce lafiya lau, an je hoto, komai daidai. Mu haka muka taso, ba a ɗaga hankalin wanda ke nesa. Malam yana gefe yana kashe mini ido.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. A asibiti suka tarar hanyar jinin ƙoda ɗaya ta tsuke sosai. Likitan ya ce ba zai iya rantsewa aikin ne ya jawo ba, tsufa ma yana yin haka, amma da an gani da wuri akwai yadda ake buɗe ta. Ya tambayi takardar. Na ce mantawa na yi. Malam ya yi kwana tara a asibitin, sannan ya cika, hannunsa mai motsi yana cikin nawa.

Na san kwana na Allah ne, ba na jayayya da hukuncinsa. Amma ƙaryar tawa ce. Har yau yarana sun ɗauka mantuwa ce, wai kunya ce ta sa na riƙa cewa an je hoto. 'Yar nan tawa yanzu take ji, da biro a hannunta. Ta ce ita ma da Baba ya roƙe ta da muryar nan tasa, ba ta san yadda za ta yi ba.

'Yan'uwana mata, ban ce ku ji tsoron aikin ba, Malam ya ji daɗinsa. Amma in an ce a koma a duba, ku koma, ko maigida zai yi fushi ya ƙi cin tuwonku. Kuma ku faɗa wa yaranku gaskiya duk nisansu. Da na bari Malam ya yi mini fushin yini ɗaya, wataƙila da yau akwai mai ce mini Dokta. Farantin yana nan inda yake, ban iya ɗauke shi ba. Duk wanda ya karanta, ya sa Malam a addu'a. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.