Shekarar da Kwazazzabo Ya Iso Maƙabarta

Uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta, a maƙabartar bayan ganuwa muka binne ta, a layin ƙarshe ta wajen rafi, kusa da wata aduwa. A lokacin rafin ba wani abu ba ne, akuya ma tsallake shi take yi. Daga baya aka yi ta gine-gine a tudun da ke ƙetare, aka zuba kwalta, aka ja lambatu, ruwan da ƙasa ta saba shanyewa duk ya koma gangarowa cikinsa. Kowace damina sai ya gutsuri gaɓa. Ya yi zurfi, ya yi faɗi, har muka daina ce masa rafi, muka koma ce masa kwazazzabo.

Kwazazzabon nan shi ne iyaka. Maƙabartar tana ƙasar ƙaramar hukumarmu, tudun da ruwan ke fitowa kuwa na ƙaramar hukumar maƙwabta ne, amma da mu da mutanen ƙauyukansu duk a nan muke binne namu. An daɗe ana kai kuka. Wannan ta ce ruwan ba nata ba ne, waccan ta ce ƙasar ba tata ba ce. A ƙarshe, wata shekara da kaka, hukumomin biyu suka yarda a kafa kwamitin haɗin gwiwa, kowace ta kawo mutanenta, a zauna a yanke inda za a juya ruwan, injiniyoyi su gama aiki kafin wata damina.

Ina zaure ina feƙe alƙalami kansilan mazaɓarmu ya yi sallama. Matashi ne, tare da babban ɗana suka yi karatun allo a wurina.

Ya durƙusa ya ce, "Malam, an sa sunanku a kwamitin kwazazzabo."

Na ce, "Ni da in zan rubuta sunana da boko sai na yi gumi?"

Ya ce, "Ku sa hannu da ajaminku, Malam. Na bokon ma ba mai karantawa."

Na yi dariya. Sai ya sassauta murya ya ce dattawa ake so, waɗanda suke da mutum a maƙabartar. Da ya faɗi haka ban ƙara ja ba.

Yarjejeniyar ba ta da tsawo. Shugaban farko daga ɓangarenmu zai fito. Ba a yanke komai sai yana zaune. In ya bar kujera, ta koma hannun maƙwabta. Wanda aka naɗa wani tsohon alƙali ne na unguwarmu, abokin mahaifina, wanda kowa ke kira Baba Alƙali. Shi ya yi wa uwar 'ya'yana salla. Ba wanda ya yi gardama da naɗin, har mutanen ƙetare. Da aka zo batun mataimaki aka ce a bar shi sai zama na gaba.

Jagoran mutanen ƙetare wani dagaci ne, dogo, manomi, mai yawan barkwanci. Ranar zaman farko a sakatariya ya dube mu ya ce, "To, 'yan birni, ga mu mun zo. Mun wanke ƙafa a bakin ƙofa, kada ku ce mun ɓata muku siminti."

Baba Alƙali ya ce, "Ƙafar ba ta dame mu ba, ranka ya daɗe. Ruwan da kuka wanke ta da shi ne ke cinye mana iyaye."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka sa ranar da za a je a ga wurin da ido. Kafin ranar ta zo, Baba Alƙali ya faɗi a hanyar masallaci. Ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kwantar da shi asibiti a Wusasa, daga baya aka dawo da shi gida, aka yi masa shimfiɗa a ɗakin da ke bayan zaure. Hankalinsa na nan garau, magana ce ke fita da ƙyar.

Daga nan aikin kwamiti ya koma dubiya. Mukan haɗu a ƙofar gidansa da hantsi, mutanen ƙetare su zo a kan babura, mu shiga mu zauna a tabarma. In ya tambayi aiki, a ce masa alhamdu lillahi, aiki yana tafiya. Haka ake gaya wa marar lafiya, ba a shigar masa da damuwa. In za a tashi, kowa ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, kujerarku tana nan tana jiranku." Shi kuma ya ɗaga hannun da ke motsi.

Rani ya wuce a haka. Bazara ta shigo, zafi ya yi tsanani, aka fara ganin walƙiya can kudu da magariba. Wata rana da muka fito na ja kansila gefe na ce masa lokaci fa yana ƙurewa.

Ya ce, "Malam, wa zai faɗa masa? A ce wa mutum ya sauka yana kwance, ai kamar an kai masa likkafani ne yana numfashi. Ni in na yi, uwata ma ba za ta ƙara amsa gaisuwata ba."

Na tari dagaci yana ƙoƙarin tayar da babur. Ya kashe, ya cire hula ya share gumi.

Ya ce, "Malam, ƙanena yana layi ɗaya da iyalinka. Ba na barci in na ji iska. Amma mu in muka buɗe baki, gobe a kasuwa za a ce 'yan ƙauye sun zo cin gadon kujera mai ita yana da rai. Baba naku ne. Ku za ku yi magana."

A ɓangarenmu kuma akwai masu wata magana da ba sa yi sai an keɓe. Suna cewa in kujera ta koma ƙetare, za a kauce wa gonakinsu a turo ruwan jikin ganuwa, gidajen da ke gindinta su shiga uku. Gara a jira Baba ya warke. Ban san ko akwai wanda ya yarda a ransa zai warke ba.

Ranar da dagaci ya zo dubiya da ƙwan zabi a ƙwarya na san damina ta zauna.

Al'adata ce ina zuwa ziyara maƙabarta ranar Juma'a da safe. Bayan babban ruwan farko na je na tarar saiwoyin aduwa suna reto a iska, rabin ƙasar da ke riƙe da ita ta tafi. Na matsa na leƙa. A jikin gaɓar, ƙasa da inda nake tsaye, ga bakin wata tukunya ya leƙo, irin waɗanda ake jerawa a rufe mamaci kafin a zuba ƙasa. Tsohon kabari ne da ba wanda ya san da shi. Hannuna ba zai kai ba balle in rufe. Can ƙasa ruwa ja yana tafiya a hankali, ba ya ko ƙara. Na yi wa mai kabarin addu'a, na yi wa tawa, na dawo gida.

Juma'ar da ta biyo baya babu aduwar. Tana kwance a cikin kwazazzabo, ganyenta bai ko yi yaushi ba.

Washegari na tafi gidan Baba Alƙali ni kaɗai. Babban ɗansa ya shigar da ni ya fita. Muka gaisa, na zauna ina jan carbi, na rasa ta inda zan fara. Shi ne ya dube ni da idon nan nasa na kotu.

Ya ce, "Malam, yau ba dubiya ka zo ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, aduwa ta faɗi."

Ya san aduwar, a gindinta ya tsaya ranar jana'iza. Sai ya tambaya a ina injiniyoyi suka tsaya da aiki.

Na ce, "Ba su fara ba."

"Me kuka yanke?"

"Ba mu ƙara zama ba. Ba a zama sai da ku."

Ya dubi rufin ɗaki. Da maganar ta fito, ɗaya bayan ɗaya ta fito.

"Duk wanda ya shigo sai ya ce mini aiki yana tafiya. Na ɗauka kun naɗa wani kuna ɓoye mini don kada in ji ciwo. Ina ta yi muku kara, ina yi kamar ban gane ba."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ba ya iya sharewa. Ya sa aka kira kansila da dagaci a ranar, ya ce a gabansu ya sauka, kujera ta koma inda yarjejeniya ta ce. Dagaci ya durƙusa yana cewa a'a, a ƙara jira. Baba ya ce, "Tashi, ranka ya daɗe. Ruwa ba ya zuwa dubiya."

Da zan fita, ɗansa ya tsaya a zaure bai ba ni hanya da wuri ba. Ya ce, "Malam, kun kyauta. Allah ya saka." Ba godiya yake yi ba. Akwai waɗanda suka daina tsayawa kusa da ni a sahu har damina ta fita.

Aka zauna a sakatariyar maƙwabta. Dagaci bai hau kujerar ba, ya ja benci ya zauna a gefenta, ranar ko wasa ɗaya bai yi ba. Injiniya ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce shi ma ya je ya gani. Ya ce marka ta kusa, siminti ba zai kama ba, in kuma aka kawo babbar mota bakin gaɓa nauyinta kaɗai zai rufta da layin gaba ɗaya. Za a jera buhunan yashi a rage ƙarfin ruwa, amma aikin gaske sai kaka. Wani ya tambaya ko layin ƙarshe zai kai kaka. Injiniya ya dubi dagaci, ya dube ni, ya ce shi ba zai ɗauki wannan alkawari ba.

Don haka abin da kwamitin ya fara yankewa ba inda za a juya ruwa ba ne. Cewa aka yi a kwashe layin ƙarshe. Aka tambayi malamai na birni da na ƙetare, suka ce shari'a ta yarda a ɗauke mamaci in ana tsoron ruwa zai ci kabarinsa, da sharaɗin a suturta shi, kada a tara 'yan kallo.

Muka fita bayan sallar asuba, gari ya waye da lumshi. Aka kafa tabarmi aka kare wurin. Kowane gida ya tsaya a kan nasa. Masu haƙa suka cire ƙasar sama, suka ɗaga tukwane, sannan suka ja da baya, domin mace ce, sai mu. Na sauka ni da babban ɗana da sabon likkafani. Ƙasar tana da danshi, ta gefen kwazazzabo har tana tsattsafo da ruwa. Abin da muka tarar ba zan rubuta shi ba. Mun tattara ta gaba ɗaya, ba mu bar komai ba, ɗana yana karatu. Na rungumo ta na fito. Ba ta kai nauyin jariri ba.

Aka ba mu wuri can ciki, kusa da ganuwa, inda ƙasa ke da tauri. Dagaci ya sa ƙanensa a gefenmu. Muka mayar da ƙasa, muka yayyafa ruwa, na dafa kabarin na ce mata ta yi haƙuri da tashin da muka yi mata.

Da muka juyo, sai ga mutane tsaye a bayan tabarmi, ba su matso ba, ba su kuma tafi ba. Masu mutum a layi na biyu ne, wanda yanzu ya zama na ƙarshe. Wani tsoho a cikinsu, mai gyaran keke a Ƙofar Gayan, ya tako ya gaishe da dagaci.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu fa? Mu jira kaka, ko mu sayi likkafani?"

Dagaci ya ce za a zauna a kai. Tsohon ya tambaya yaushe. Kafin a ba shi amsa iska ta taso ta kwantar da tabarma ɗaya, liman ya ɗaga hannu, muka shafa fatiha a gurguje.