Zoben da Malam Bai Rubuta Ba

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ni ne mai sharhi a motar majigi. Hotunan ba su da murya, sai in riƙe lasifika ina gaya wa jama'a abin da ke faruwa a jikin farin ƙyalle.

Wani malami a Kebbe, wanda na yi karatun allo a zaurensa, ya taɓa rubuta ɗan labari don ajin manya. Wani makiyayi ne ya bi saniyarsa cikin kogo, ya tsinci kansa a garin aljannu. Suka kawo masa tuwo, wanda duk ya ci ba ya komawa gida. Shi kuwa ya yi bisimilla kafin ya sa hannu, sihirin ya karye. Malam ya ce mini saboda wannan kalma ɗaya ya rubuta sauran shafukan duka.

Masu ɗaukar hoto suka so labarin, suka mai da shi fim. Na fara ganinsa a ofis a Tambuwal. Aljannun sun yi kyau, an shafe su da toka. Amma da aka ajiye akushi, sai makiyayin ya zaro wani ƙaton zobe daga aljihu ya ɗaga, aljannu suka watse. Na tambayi Baturen da ya kawo fim ɗin, ya ce addu'a ba ta fitowa a hoto, dole a ba ido abin gani. Bai yi ƙarya ba, kuma ni ba a ɗauke ni aiki don gardama ba.

Ranar da muka kai Kebbe, Malam na kan buzunsa a sahun gaba. Mutumin da ya shekara talatin yana hana mutane dogaro da guru da kambu, ga shi an sanar labarinsa ne za a nuna. Da aka zo wurin akushi na ɗaga murya na ce makiyayi ya yi bisimilla. Na faɗa har sau uku. Bakin makiyayin a rufe yake, zoben kuma ya cika ƙyallen. Na ji kunya ƙwarai.

Washegari na je gaishe shi, na tarar da wani manomi daga Fakku durƙushe, ya zo da zakara, yana roƙon a yi masa irin zoben nan don gonarsa tana kusa da tsamiyar da ake tsoro.

Malam ya ce, "Ba ni da zobe. Abin da makiyayin ga yac ce, kai ma ka iya shi tun kana yaro. Bisimilla ta, ba wani abu ba."

Manomin ya tura zakaran gaba kaɗan, ya rage murya ya ce in don mutane ne, zai dawo in zaure ya watse.