Ranar da Aka Kwashe Marina

Har gobe in na shiga gida na ga an bar randa a buɗe sai na yi faɗa. Jikokina su yi ta dariya, wai tsoho ya fara rikicewa, me randa za ta yi wa mutum? Nakan ƙyale su su yi dariyarsu. Ba su taɓa tsayawa a bakin rijiyar rini da muciya a hannu suna laluben abin da ba sa so su taɓo ba.

Ni marini ne, ɗan marini. A Gumel na tashi, a marinar da ke bayan unguwarmu, kuma da mahaifina ya rasu rijiyarsa ta dawo hannuna. Sana'ar tawa ba wata babba ba ce. Masaƙan Ɗanzomo da na wajen Gagarawa su kawo mini farar saƙa, in rina, in kai a buga ta yi sheƙi, ranar Alhamis in ɗora wa jaki mu nufi kasuwar Maigatari. Buzaye su ɗauki baƙin rawani, Fulani su ɗauki zane. Da haka ake ci a gidana, ba yabo ba fallasa.

Wanda bai san rijiyar rini ba kada ya ɗauka irin ta ruwa ce. Bakinta ƙunci ne da shi, amma zurfinta ya shanye namiji a tsaye ko da ya ɗaga hannu. Ana cika ta da ruwa da toka da ganyen baba, wanda shi ne ke ba da shuni, a yi kwanaki ana motsawa da muciya, wata doguwar sanda, kafin ta nuna. In ta nuna kumfa ce ke rufe samanta, ko yatsanka ka tsoma ba ka ganinsa. Can ƙasa kuma akwai dagwalo, wani taɓo mai kauri da ke riƙe duk abin da ya nutse. Muna rufe ta da murfin ciyawa mai kama da jinkar rumbu. Sai dai in an gama motsawa akan bar ta ta sha iska, haka muka tarar iyayenmu suna yi.

Abin ya faru a shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, shekarar farin nan. Baba bai yi a gonaki ba. Rijiyoyin gari sun ja baya, mata suna wuni a bakinsu don tulu ɗaya. Mutanen tsallaken iyaka kuwa sai kwararowa suke yi da 'yan jakunansu, dabbobi sun ƙare musu. Ruwan da muka cika rijiyoyin rini da shi a bazarar nan, da jakuna muka yi ta jigilarsa daga wani ƙauye a hanyar Sule Tankarkar, kuma kowa ya juye ɗan sauran baban da ya ɓoye. Mun san in wannan rinin ya mutu babu na sake jiƙawa sai abin da damina ta yi. Babbanmu a marinar shi ne Baffa, ƙanin mahaifina, kuma tasa rijiyar a makon nan ta nuna. Kullum sai ya ɗebo kumfarta a tafi ya nuna mana, ya ce mu yara mu zo mu ga rini.

Ina da 'ya guda a lokacin, 'yar fari, ba a fi shekara da yaye ta ba. Ku na yanzu da kuke saɓa 'ya'yanku a kafaɗa kuna yawon kasuwa ba za ku gane ba. A zamaninmu ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a nuna an san da zamansa. Ita ga shi sunan mahaifiyata ta ci, ka ga kunyar ta zama biyu. In ta zo ta riƙe mini ƙafar wando sai in kau da kai in ce, “A zo a ɗauke yarinyar nan.” Amma Allah ya sani, alewar da ke aljihuna in na dawo daga Maigatari ba ta kowa ba ce. Tana da wani ɗan ludayi da ba ta rabuwa da shi. Kuma hannuna take so. In ba kowa a tsakar gida takan kama tafina ta yi ta juyawa, tana murza baƙin da yatsa ko zai fita.

Ran nan mun motsa rijiyoyi dab da azahar, muka bar su a buɗe muka tafi masallaci. Daga nan muka zarce gaisuwar mutuwa, muka daɗe. Muna dawowa na hango uwar yarinyar a tsaye a bakin marina. Matar da ko zaure ba ta leƙawa, ga ta a fili ba mayafi. Na buɗe baki zan yi faɗa, don ni dama bakina a kusa yake, sai ta riga ni.

“Malam, ba ta wajenka?”

“Wa?”

“Yarinyar nan. Kaina ke ciwo na kwanta, na farka ban gan ta ba. Na duba maƙwabta kaf.”

Na ce me zai kawo ta nan, ta koma gida, ƙila tana gidan wata. Ina faɗa ina takawa wajen rijiyata. Akwai farar saƙar da na ninke na ajiye a kan dutse a gefe, wadda zan tsoma da la'asar. A kanta na ga tambarin hannu biyu, ƙanana, shuɗi, yatsu a ware. Sun riga sun bushe. Na duba cikin rijiyar, sai ga ɗan ludayin nan a kwance a kan kumfa.

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin Baffa yana motsi ba na jin abin da yake cewa. Sai da ya girgiza ni. Ya miƙo mini muciya, na karɓa. Na zura a hankali. Sau dubu na zura muciyar nan a rayuwata ban taɓa tunanin komai ba, amma ran nan duk taƙin da ta shiga sai numfashina ya tsaya. Ta kai ƙasa ta nutse a dagwalo. Na matsa gefe, na sake. Komai laushi ne a can ƙasa, ba ka bambance taɓo da abin da ba taɓo ba.

“Muciya ba za ta gaya mana gaskiya ba,” in ji Baffa. “A kwashe.”

Aka tura mutane cikin gari su yi cigiya, aka kawo guga. Har an kewaye tawa rijiyar, sai Baffa ya ce ba ita kaɗai ba. Ya nuna ƙasa da yatsa. Tsakanin rijiya da rijiya taku ɗaya ne, wurin kuma kullum a jiƙe yake da santsi. Ya ce ludayi yana iya faɗawa nan, mai ludayi ta zame ta faɗa can. Duk wadda aka bari a buɗe a kwashe ta yanzu.

A marina ko muciyarka ba ka sa wa a rijiyar wani, kowa da sirrin haɗinsa. Balle a ce a zubar da rini mai rai, a irin wannan shekara. Wani daga cikinmu, mai iyali da yawa, ya ce da ƙaramar murya, “Baffa, tawa fa shekaranjiya ta nuna.” Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Baffa ya naɗe hannun riga, ya ɗauki guga ya jefa a tasa rijiyar, ya jawo ya sheƙar a ƙasa. Kafin ya sake jefawa, mutumin nan ya riga ya durƙusa a bakin tasa.

Haka ruwan rini ya yi ta malala a lungun marina, baƙi wuluk, a garin da ake faɗa a kan moɗa ɗaya. Mutane suka taru suna kallo suna salati. Ba wanda ya ce a yi hankali, in ana babbakar giwa wa yake jin ƙaurin zomo? Ni kuwa na san abin da kowa ya sani bai faɗa ba. Tun da tambarin hannun ya bushe, ba ceto muke yi ba. In tana ciki, gawa muke nema. Duk gugan da na jefa sai na rufe ido kafin in jawo, ina roƙon Allah ya sa kada ya yi nauyi.

Daga can cikin unguwa ina jin mata suna ƙwala kiran sunanta. Kowa yana kira, har waɗanda ba su san kamanninta ba. Uwarta tana jingine da bango, ita ma ba ta iya faɗin sunan. Sunan ya zo mini har maƙogwaro ya tsaya, ga manya a kewaye da ni. Kai, al'ada! Na ci gaba da jan guga kamar ɗan wani ake nema.

Ta Baffa aka fara kaiwa ƙasa. Aka shiga aka laluba, babu. Aka gama ta kusa da ita, babu. Duk wadda aka ce babu sai mutane su ce alhamdu lillahi, ni kuwa sai tsorona ya ƙaru, don saura tawa. Ita ta fi kowacce zurfi, kuma a cikinta ludayin yake. Da guga ya fara ɗebo taɓo, wani ya tuɓe riga zai shiga. Na ture shi. Na ce ba mai shiga rijiyar ubana sai ni. Ƙarya nake yi, ba don rijiyar ba ne. Ba na so hannun wani ya riga nawa taɓa ta.

Suka ɗaura mini igiya a ƙugu suka zura ni. Wari ya buge ni, idona ya kama yaji. Dagwalon ya kai mini cinya, ga sanyi. Na sunkuya na cusa hannu biyu na fara bin bango ina lalube. Ban yi nisa ba na taɓo ƙyalle. A cikin ƙyallen akwai wani abu mai zagaye, daidai tafin hannuna biyu.

Na yi salati, ko kuwa ihu na yi, ban sani ba. Na daɗe riƙe da abin nan a cikin taɓo na kasa ɗagowa. Da na ɗago, ashe wani tsohon rawani ne da ya nutse tun ban san yaushe ba, ya naɗe wata 'yar ƙwarya. Na jefar na sake cusa hannu, ina kuka kamar yaro, tun da a nan ba mai ganin fuskata.

Sai na ji hayaniya ta tashi a sama, mata suna kabbara, ana gudu. Na ce shi ke nan, an same ta a wata rijiyar. Na tsaya cak, na ƙi ɗaga kai. Hasken bakin rijiyar ya dushe, wani ya leƙo.

“Ɗan nan,” muryar Baffa ce. “Ɗago kanka.”

Na ɗaga. Yana riƙe da ita ta hammata, ya leƙo da ita. Fuska duk majina da ƙasa, hannuwa biyu shuɗi har wuyan hannu, tana miƙo su cikin rijiyar wajena. Sunan nan ya ƙwace daga bakina. Na kira, na sake kira, rijiyar tana amsawa tana ƙara masa ƙarfi, har na bayan taro sai da suka ji.

Da aka jawo ni na ga wata baƙuwar mata a tsaye, ramammiya, da goyo a bayanta. Cikin mutanen nan ce da fari ya koro daga Damagaram. Ta ce a bakin hanyar Maigatari ta tsinci yarinyar tana kuka, ta biyo jakunan wasu matafiya sun bar ta a baya. Ta tambaye ta gidansu, ba magana.

“Sai na duba hannun ɗiyar,” in ji ta. “Na ce wannan ta marina ce, a garinmu ma haka hannunsu yake. Shi ne na yi ta tambaya ina ake rini a garin nan.”

Uwar yarinyar ta kama matar ta ja ta gida. Baƙuwar ta zauna da mu har damina ta faɗi.

Ba wanda ya sake rini a marinarmu a wannan bazara. Wasu suka tafi cin rani, ni na koma dakon ruwa da jakina. Da baba ya samu muka sake jiƙawa, amma ban da Baffa. Ƙarfinsa ya ƙare, ya ce ba zai iya sabon farawa ba, rijiyarsa ta zauna a bushe har aka cike ta da ƙasa. Sau ɗaya na je na durƙusa a gabansa zan yi magana a kai. Ya katse ni.

“Tashi ka ba ni wuri. Ɗa na kowa ne.” Ya dube ni ta wutsiyar ido. “Ashe dai ka san sunanta.”

Shunin da ke hannunta ya daɗe bai fita ba. Uwarta ta samo lemon tsami da yashi za ta goge mata, na shigo na tarar. Na ce ta ajiye, a bar shi ya fita don kansa.