Mai Faci a Layin Awon Jini

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a bakin tasha ya san Mai Faci. Gajere ne, ba ya son yawan magana, aikinsa ya tsoma tub a bahon ruwa ya zuba masa ido har kumfa ta nuna inda ya huje. Asabar ɗin farkon wata ce kaɗai ba a samunsa. Ran nan zai wanke hannu da kananzir, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya tafi kai kuɗin ciyar da 'yarsa.

Tana da shekara huɗu suka rabu da uwarta, ta auri wani, alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. An sha ce masa ya tura ta waya ya huta, ya ce shi bai yarda da waya ba. Ƙarya yake yi, ko kuɗin gam ta waya yake biya. Abin da ke kai shi shi ne kujerar roba da ake fito masa da ita ƙofar gida, yarinyar ta kawo masa ruwa, ta tsaya gefe tana murza yatsu. Hirarsu ba ta wuce tambaya uku: karatu, lafiya, da ko kuɗin yana isa. Shekara goma sha bakwai yana nanata su, bai taɓa ƙirƙiro ta huɗu ba.

Da ta gama makarantar jinya ta kama aiki, uwar ta fito da kanta, ta yi masa godiya, ta ce ya sauke nauyi, daga yau ya huta. Ya ce madalla. Sai a hanya ya gane abin da aka karɓe masa. A tunaninsa mutum ba ya zuwa ƙofar gidan wani namiji hannu rabbana, ba dalili. In an tambaye shi me ya kawo shi, ya ce me?

Wata biyu bai gan ta ba. Direbobi suna tsokanarsa wai an yaye shi, yana dariya, amma kewarta ta dame shi ƙwarai. Ya sha ɗauko waya ya ajiye, don bai san abin da zai faɗa bayan gaisuwa ba.

Wani direba ne ya ce ya gan ta a ƙaramin asibitin bayan kasuwa, tana auna wa mutane jini. Ranar Talata Mai Faci, wanda rabonsa da asibiti ya manta, ya yanki kati ya bi layi. Ya zauna tsakanin tsofaffi biyu masu ƙorafin gwiwa, har layi ya zo kansa.

Ta ɗago kai ta gan shi, alƙalami ya tsaya a hannunta.

"Baba, lafiya? Me ke damunka?"

"Ba komai, Uwata. An ce yana da kyau mutum ya riƙa aunawa."

Ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaura abin awon, ta riƙe damtsensa. Tun tana 'yar shekara huɗu rabon da su taɓa juna. Ya kafa wa bango ido, yana jin iska na matse masa hannu, yana fatan abin ya yi jinkiri.

Ta duba, ta ce jininsa lafiya lau, ya fi na wasu samarin. Ya yi godiya ya miƙe, ya san an kashe masa dalili na biyu. Ita kuwa ba ta miƙo katin ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sunkuya ta yi rubutu.

"Ka dawo bayan sati biyu."

"Ba kin ce lafiya lau ba?"

"Na ce. Ka dai dawo, Baba. Ka zo da ƙarfe ɗaya, lokacin nake fita cin abinci."