Laminu ya tafi, amma ba za mu rufe aikinsa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ƙoƙarin tada moto sai ga kiran Ramatu, ƙanwar Laminu. Ta ce mani Yaya ya rasu. Zazzaɓi ya kwantar da shi a gidansu a Gazawa, kafin a kai shi Maradi rai ya yi halinsa.



Ga wanda bai san shi ba, abokin aikina ne. Tare muke ajiye taswirar gonaki da hotunansu a buron wata ƙungiyar manoma, daga Cadawa har Cadakori. Akwai manhajar da ke riƙe mana tarihin duk canjin da aka yi wa kowane fayil. Kafin ta karɓi hoto sai ya bi ta wata ƙaramar manhaja da muke kira matata, ta rage mashi nauyi. To, kowane hoto sai an tada matatar, ta gama, a kashe ta, a sake tada ta don na gaba. Batirin sola ya mutu, aiki bai ƙare ba. Na sha ganin dattijo ya zo daga nesa neman taswirar iyakar gonarsa saboda rigima da maƙwabci, ya koma hannu rabbana.

Abin ya ci wa Laminu rai. Ya ce mani, "Amadu, wa ka taɓa gani yana kashe injin niƙa bayan kowace tiya? A bar shi kunne, a yi ta zubawa."

Haka ya zauna ya rubuta hanyar da manhajojin biyu za su riƙa magana da juna kai tsaye, matatar na buɗe har a gama. A kwamfutoci masu tsarin Linux abu ya tafi kamar ruwa. A masu tsarin Windows kuwa sai manhajojin su tsaya cik, kowace tana jiran ɗaya ta fara magana.

Da ruwan sama ya lalata kwamfutata, tasa ya miƙo mani, shi ya koma tsohuwar ta buro.

Bai taɓa yi mani dariya ba don na yi tambayar wauta.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Cadawa ne, wurin mai shayi. Ya rame, amma sai zana mani bututun da manhajojin ke magana ta cikinsa yake da yatsa a kan tebur. Ya ce, "Na kusa gano inda suke maƙalewa. In na ji sauƙi ka zo Gazawa, Inna za ta dama mana fura mu ƙarasa."

Yau ko makoki ba a tashi ba, wani ya aiko mani saƙo wai mu koma tsohuwar hanya, tunda mai abin ya tafi, ai masu rubuta manhaja na ƙasashen waje za su yi gyaran wata rana.

A'a. Wallahi ban yarda ba.

Ban kai shi iyawa ba, na sani. Amma aikin na hannuna, kuma na ga inda ya tsaya. Zan bi shi layi-layi har ya yi aiki a kowace kwamfuta, kuma sunan Laminu ne zai zauna a kai. Duk wanda ya san harkar nan, daga Agye har Gidan Runji, ya neme ni bayan addu'ar bakwai.

Ya Allah ka gafarta wa Laminu, ka yalwata kabarinsa, ka ba Inna da Ramatu juriya. Kai da ka karanta har nan, don Allah kada ka wuce ba ka yi mashi addu'a ba.